Ƙafafun Gaba da Ba Su Ja Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ke ba da rai ba tare da shawara ba, shi kuma karɓe shi ba tare da sallama ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga zama, Alhaji Maiguwa, jagoran ɗiyan garin nan mazauna ƙasashen waje; maigari, ranka shi daɗe; liman da malamai, Allah shi gafarta muku; wakilin magajin gari da ya taso daga Babankatami tun da hantsi; majo shugaban gidan likita da ma'aikatanai; shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi, na Madawa da Buza da Keita; dattawa da ke bisa tabarmi, iyayenmu mata da ke bayan zana, samari da ke tsaye cikin rana; jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Abdulhamid, bakanike ne ni, haihuwar Tamaske, garejina na Madawa bakin kwalta. Na gode wa kwamiti da ya yarda da ni, na gode muku da kunka bar gonakinku cikin tsakiyar noma kunka zo. Amma wallahi da zaɓina ne da ban karɓi wagga magana ba. Ni ba mutumin lasifika ba ne, bakina ya saba da faɗa da kusoshin da sunka ƙi kwancewa, don haka in magana ta fito da kaushi ku yi mini uzuri.

Bari in maimaita abin da ya tara mu, saboda baƙi. Garin nan na da mota guda, kat-kat mai ja da ƙafa huɗu, wadda ɗiyanku na waje sunka haɗa guminsu sunka saya don ɗaukar marasa lafiya. Farkon daminar bana, ranar da anka yi ruwan nan mai ƙarfi, naƙuda ta kama Husaina matar Jima, jini ya ɓalle mata, majo ya ce a yi Madawa da ita maza. Mato direba ne ke riƙe da makullin mota. Bayan azahar sunka tashi, sunka isa ƙoramar da ke gabas da gari, mota ta shiga ta kasa fita. Mutane sunka tura har ƙarfinsu ya ƙare, anka aika neman shanu, kafin shanu su iso Husaina ta cika, ita da abin da ke cikinta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ranar nan Mato bai sake shan ruwa da daɗi ba. An ce bai iya mota ba. An ce ruɗewa ya yi. An ce tiramol shike sha, mutumin da ko goro ba ya ci! Matatai ta daina zuwa rijiya sai mata sun watse, ɗiyanai sun daina fita dandali. Malam Yaƙubu, yayan Jima, ya nemi a karɓe makulli a miƙa Mato ga jandarma, kuma ban ga laifin Malam Yaƙubu ba, don ƙanenai ya bar mishi amanar iyali ya tafi neman abinci, ga yadda amanar ta ƙare. Kwamiti ya ce a dakata, a kai mota ga bakanike tukuna. Abin da za ku yanke yau shi ne ko Mato shi kwana gidanai, ko shi kwana hannun hukuma da sunan wanda ya kashe mace da sakaci.

Da anka jawo mota garejina, ƙarƙashinta duk laka ta bushe kamar an yaɓe rumbu. Na zaunar da Mato na ce shi gaya mini abin da ya yi. Ya ce, "Baba, kafin in shiga ruwa na sauka na duba makullan ƙafafun gaba, suna kulle. Na ja ƙaramar sanda, fitila ta kama. Na taka, baya na haƙa, gaba ko motsi." Na ce mishi, "Yaro, duk direban da ya kafe haka shike cewa." Ban gaskata shi ba, ban ƙaryata shi ba. Mota na tambaya, don ita ba ta da dangi cikin garin nan.

To ga yadda ake tambayar mota, kuma direbobi ku buɗe kunnuwanku, musamman ku na baya masu latsa waya.

Kat-kat irin wagga, bisa kwalta da ƙafafun baya kawai take tafiya, na gaba rakiya suke. Sai an shiga rairayi ko laka ake sa mata karabo, wato a haɗa ƙafafun gaba da inji su ma su ja. Ƙarfin inji kuwa ba tsalle shike yi ba, hanya gare shi, mashiga bayan mashiga, kuma in mashiga guda ta toshe an gama.

Na fara da makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, waɗanda ake murɗawa da hannu. Nan ne mafi yawan direbobi ke faɗuwa. Mutum shi ja sanda cikin mota, shi ƙi sauka shi murɗa makulli don kada takalminai su taɓa laka, sannan shi ce mota ta lalace. Wani lokacin kuma ƙasa ce ta shiga, girisi ya bushe, kana murɗawa waje amma ciki haƙora ba su kama ba. Na kwance su duka biyu na wanke. Haƙora lafiya lau, a kulle suke, sun ma daɗe a kulle. Na ce to, Mato ya yi gaskiya a nan.

Na koma ga ƙaramar sanda, wadda ke gefen ta bites, wato giya. Akwai motocin da sanda ke tafiya ita kaɗai, ƙarfen da ke haɗa ta da ƙaramar buwat, akwatin giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, ya kwance ko ya lanƙwashe, kana ja tana zuwa, amma ba ta kai saƙo ba. Na ja na saurara, na ji ta faɗa wurinta da ƙarar da na sani. Na kunna makulli, fitila koriya ta kama. Nan ma Mato ya yi gaskiya.

Amma jama'a, ku ji wagga da kyau, don fitilar nan ta ruɗi waɗanda sunka fi Mato daɗewa bisa hanya. Fitila ba ta ganin taya. Abin da ta sani kawai shi ne sanda ta motsa, buwat ta amsa. Ko ƙarfi ya isa ƙafafun gaba, ko ya tsaya a hanya, ba ruwanta, haskenta take yi. Kamar mai shela ne da ya ga an ɗora tukunya, ya fita ya ce an gama tuwo.

Na buɗe ƙaramar buwat na duba mai. Na yi zaton in iske ruwa ya shiga, ko mai ya ƙare haƙora sun cinye juna, don ina ganin haka kullum wurin masu cewa mai tsada gare shi. Mai na nan, baƙi amma da sauran rai, babu garin ƙarfe ciki. Raina ya fara ɓaci, don duk inda na taɓa lafiya, kuma in mota lafiya take to direba ne ba lafiya ba. Na ɗaga ta bisa kirik, wato jak, ƙafafu huɗu a sama, na tada inji, na sa karabo, na sa bites. Na baya sunka ɗauki juyi. Na gaba sunka tsaya cak, yadda Mato ya faɗa.

Sannan na sa anka kankare lakar nan, na kwanta na shiga ƙarƙashi. Tsakanin ƙaramar buwat da ƙafafun gaba akwai wani ƙarfe mai tsawon hannu, shi ake ce ma kardan, shi ke ɗaukar juyi shi kai gaba. Na miƙa hannu in kama shi, hannuna ya wuce. Babu shi. Ba karyewa ya yi ba, don karyayyen ƙarfe na barin guntu. Ba faɗuwa ya yi cikin ƙorama ba, don ramukan kusoshi sun yi tsatsa, tsatsar watanni. Kwance shi anka yi, da makulli, da natsuwa, hannun wanda ya san aiki. Na daɗe kwance ƙarƙashin motar nan ban fito ba, har maƙwabcina ya leƙo ya ce ko lafiya.

Jama'a, ko wane ne ke riƙe da sitiyari ranar nan, ko ni, ko shugaban sandika, ko wanda ya ƙera motar da kanai, ƙafafun gaba ba za su ja ba. Mato ya shiga ƙorama da mota mai ƙafa biyu, shina zaton huɗu gare ta.

Yanzu ina ganin wasu direbobi sun sunkuyar da kai. Ku ɗaga, ai ba baƙon abu ba ne! Wane ne cikinku bai san al'adar nan ba? Rani ya shigo, ƙoramu sun bushe, kardan na gaba ya fara ƙwanƙwasa saboda mahaɗinai ya ci, sai a ce cire shi a aje, ai ba a bukatatai sai damina. Wani ma lafiyayye shike cirewa, wai mota ta rage shan gazuwal. Kai, wannan wace irin dabara ce? Da kun saki makullan gaba in kun hau burji, kardan ko juyawa ba ya yi, ba ƙara, ba shan mai. Amma a'a, murɗa makulli wahala ne, kwance kusoshi ne sauƙi. Daga Madawa har Keita haka ake yi, kowa na cewa zan maida kafin ruwa. To ruwa ba ya aiko da manzo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai al'ada ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo, don daga tarbiyya ta fito. In babba ya miƙa maka makullin mota ya ce, "Ga ta nan lafiya lau," kunya ba ta barinka ka duƙa ka leƙa ƙarƙashi gabanai. Sai a ce ka raina shi, ka maida shi maƙaryaci. Sai ka karɓa da hannu biyu, ka ce Allah shi saka da alheri. Haka Mato ya karɓi motar nan ƙarshen rani, daga hannun wanda ya girme shi, wanda kuma ya yi mishi hanyar aikin. Mato direban kwalta ne, shekarunai duka bisa motocin fasinja ya yi su, waɗanda ba su da kardan na gaba balle shi san wurin da babu shi. Kuma daga ranar da ya karɓa har ranar ruwan nan, hanya busassa ce, bai taɓa bukatar karabo ba.

Ba na wanke Mato tas. Mato, ɗaga kai ka dube ni. Da ka fita bayan gari ranar da ka karɓi mota, ka sami rairayi, ka sa karabo, ka sa wani shi tsaya gefe shi gani ko ƙafafun gaba na watsa ƙasa, da ka gane. Ba ka yi ba, ka yarda da fitila, ka yarda da maganar babba. Wannan naka ne, kuma za ka ɗauke shi. Amma laifi tudu ne, kuma in za a ɗaure duk direban da bai yi gwajin nan ba, tashar Madawa za ta wayi gari ba mai tada mota.

Saura tambaya guda: wa ya cire, kuma ina ƙarfen? Wallahi na so in tsaya nan. Na tambayi kwamiti wa ke tuƙa motar kafin Mato. Kowa cikinku ya san amsa. Jima ne.

Ban zo wurin taro da wagga magana ba sai da na fara zuwa wurin Malam Yaƙubu, don ba a yanka mutum gaban jama'a ba a gaya mishi ba. Na iske shi gona, na ce mu zauna. Na gaya mishi abin da na gani. Ya ce, "Abdulhamid, ka san abin da kake faɗi?" Na ce na sani. Ya ce, "Jima ba ɓarawo ba ne." Na ce ban ce ya sayar ba, ajewa ya yi, mu nema. Munka duba zaure, munka duba bayan rumbu, babu. Sai tsohuwarsu, Inna Altine, ta ce akwai wani abu mai nauyi ɗakin marigayiya, da anka zo share ɗaki an kasa sanin ko mene ne, anka bar shi.

Ƙarƙashin gadon Husaina munka same shi. An shafe shi da girisi, an naɗe cikin takardar siminti, an ɗaure da tsumma, kusoshinai cikin gwangwanin tumatir. Inna Altine ta ce ta tuna, ranar da Jima zai tafi ya ba matatai shi, ya ce, "Ki aje mini wanga, kada yara su kai wa masu sayen ƙarfe, kafin ruwa shi sauka na dawo." Ita kuwa ta aje. Ba ta san ko mene ne ba, mijinta ya ce ta aje, ta aje da kyau, ko ƙura bai yi ba. Hanya ta riƙe Jima can ƙasar mutane, ruwa ya riga shi isowa. Ranar nan daga bisa gadon nan anka ɗauke ta anka sa cikin mota.

Malam Yaƙubu ya zauna ƙasa cikin ɗakin nan, dattijo da furfura, ya rufe fuska da rawani. Shi ya ɗauko ƙarfen da kanai yau da safe, ga shi nan gaban shugaban zama, kowa shi gani. Kuma shi ya ce in faɗa muku ya janye maganar jandarma. Malam Yaƙubu, Allah shi saka maka, ba kowane namiji ke iya wannan ba.

Kada wani shi tashi daga nan shi ce Abdulhamid ya ce da kardan na nan da Husaina ta rayu. Ban faɗa ba, ba ni da wannan ilimi, kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani na ƙarfe ne. Na ɗaura wani kardan, na koma ƙoramar nan bayan ruwan shekaranjiya, na shiga inda Mato ya shiga, mota ta fita. Na tsaya bisa tudu na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Don haka ina roƙon wanga zama abubuwa kaɗan. A maida wa Mato makulli, a gaban jama'a, yadda anka zarge shi a gaban jama'a. Waɗanda sunka ce tiramol, kun san kanku, ku taka har gidanai. Mata, ku kira matatai rijiya. Ina roƙon sandika ta hana cire kardan a motar marasa lafiya, rani ko damina. In ya lalace a gyara, in an rasa abin gyara a gaya wa gari duka cewa mota ba ta shiga ƙorama, a nemi wata dabara tun da wuri. Kuma duk ranar da makulli zai canza hannu, mai bayarwa da mai karɓa su duƙa tare su leƙa, su fita rairayi tare su gwada. Babba shi fara duƙawa, don ƙarami shi samu fuska. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi, kuma na san akwai motoci cikin ƙasarmu ta Adar yau da kardan ɗinsu ke rataye a zaure.

Akwai magana ta ƙarshe, ita ce ta hana ni cin abinci. Jiya Mato ya zo garejina, ya tsuguna, ya ce, "Baba, don Allah kada ka faɗi sunan Jima. Ka ce wani abu ne ya karye. Ni na riga na saba da zagin, ku bar shi bisa kaina. Shi in ya ji, ba zai iya ɗauka ba." Mutumin da Jima ke bugo waya kullum shina tambaya ko an kama shi, shi ne ke wannan roƙo.

Mato, ka gafarce ni, ban yi maka alkawari ba, kuma ba zan iya ba. In na rufe, ɗiyanka za su girma da sunan da ba na ubansu ba. In na rufe, baɗi wani zai sake kwance kusoshin nan, wata ta sake kwana cikin ƙorama. Gaskiya ɗaci gare ta, na tauna, ban sami yadda zan zaƙaƙa ta ba.

Amma Jima bai sani ba. Yanzu da nike maganar nan shina can shina aikin ƙarfi cikin ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, shina jin haushin Mato, kuma haushin nan ne ke riƙe da shi tsaye. Yau za a karɓe mishi shi. Ina ganin wayoyi a hannuwanku, wasu ma ɗauka suke tun da na fara. Don girman Allah, don darajar iyayenku, ku maida su aljihu. Kada wanda ya tura mishi murya, kada wanda ya tura hoton ƙarfen nan, kada wanda ya sa cikin gurup na ɗiyan gari. Alhaji Maiguwa ya nemo mutanenmu biyu da ke gari ɗaya da shi, za su je su zauna kusa da shi bayan la'asar. Sannan yayanai shi kira shi, liman na gefe. Ku bar mutumin nan shi ji daga bakin ɗan'uwanai, da wanda zai riƙe shi in ya faɗi.

Ya Allah ka jiƙan Husaina da abin da ke cikinta, ka sa ƙoramar nan ta zama ƙarshen wahalarta. Ya Allah ka sanyaya zuciyar Mato, ka maida mishi mutuncinai cikin garinsu. Ya Allah ka ba Malam Yaƙubu kalmomin da zai faɗa, don ni ban san su ba. Ya Allah ka kama Jima da hannunka yau, kada ka bar shi da kanai ko ƙiftawar ido, ka dawo muna da shi da hankalinai. Ka ba mu damina mai albarka, ka tsare matafiya, ka maida kowa gidanai lafiya.

Na gode.